Kofin gwajin fitsari da munka saya don direbobinmu, da abin da ya faru da Baba

Assalamu alaikum jama'a. Tun bayan ƙaramar sallah nake son in zauna in rubuta wanga bayani ban samu sukuni ba sai yanzu da lodin albasa ya lafa. Masu motoci sun fi uku da sunka tare ni a gareji suna tambaya, wai kofin nan da kuke gwada fitsarin direbobi da shi yana aiki kuwa ko dai zubar da kuɗi ne? To gara in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Yana aiki, kuma in ya ƙare zan sake saye. Sai dai akwai abubuwan da ba a gaya mana ba ranar da munka saye shi, kuma rashin saninsu saura ƙiris ya sa mu ci mutuncin wani dattijon direbanmu da a haife ya haife mu, shi ya sa maganar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Motocin yayana Alhaji nake kula da su, tirela shida. Albasa muke ɗauka daga wajajen Goronyo da Wurno da Gada, wani lokaci Aliero, a kai Mile 12 a Legas, a dawowa kuma a ɗauko duk lodin da Allah ya kawo. Wanda ya san hanyar ya san ba wasa ba ce, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori har a dangana da Ibadan, sama da kilomita dubu kafin ka ga Legas kuma wurare da yawa ramuka ne da gargada. Ita kuma albasa ba ta jira, in ta daɗe cikin buhu a kan mota sai ta ɗau zafi ta fara ruɓewa, mai kaya yana ta kiran waya, direba shi ma yana son ya juyo da wuri ya sake lodi. Ta nan ƙwaya take shigowa. Duk mai motar da ya ce bai san dalilin da ya sa yaranshi ke haɗiyar tiramol ba to bai faɗi gaskiya ba, mu ma da hannunmu a ciki saboda matsin da muke musu.

Abin da ya tashe mu tsaye, wani yaro cikin direbobinmu da bai wuce shekara talatin ba ya saki hanya gaba da Koko ya faɗa gonar mutane da lodi cike. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma yaron motarshi ya ce min kafin su sauka daga kwalta sai da ya ga jikin direban ya sandare yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, hannu na kan sitiyari amma mutum ba ya nan. Daga baya likita ya tabbatar min tiramol in ya yi yawa yana kawo irin wagga jijjiga, balle mai 225 ɗin nan da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, alhali wanda anka yarda a sayar a kemis da takardar likita mai 50 ne da mai 100. Daren nan Alhaji bai runtsa ba, muna fitowa sallar asuba ya ce min daga yau ba mai sake hawa motata sai an gwada shi.

Sayen farko da na yi kuskure ne, ina son ku kiyaye shi. Na je wani shagon kayan asibiti a cikin gari na ce ina son abin gwajin ƙwaya, yaron shagon ya miƙo min wani falallen kati mai harsuna biyar da ake tsomawa cikin fitsari ya ce ranka ya daɗe wannan komai yana kamawa. Munka tara mutum goma sha biyu, direbobi da yaran mota, kowa ya kawo nashi, munka tsoma. Sai ga layi bibbiyu sun fito a kowane harshe na kowane kati. Alhaji ya dafe kai yana salati, shi a saninshi da sanina layi biyu na nufin an kamu, haka gwajin maleriya yake haka na ciki yake, ke nan duk mutanenmu sha biyu suna shan abu biyar-biyar. Allah ya taimake mu na kira ƙanwar maiɗakina da ke aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti, ta ce Yaya ku dakata kar ku yi wa kowa magana, wannan gwajin a juye yake. Layi biyu mutum lafiyarshi ƙalau. Layi ɗaya, wato na wajen harafin C kaɗai ya fito na wajen T bai fito ba, shi ne an samu abu. Ta ce in ƙwayar tana cikin fitsarin ita ce ke tare launin ta hana layi na biyu fitowa, kuma ko da layin ya fito dishi-dishi da ƙyar ake ganinshi, to layi ne, ba a samu komai ba. Wannan kaɗai ya isa mai shago ya zaunar da mai saye ya yi mishi bayani kafin ya karɓi kuɗi, amma ko kalma ɗaya ba a ce min ba.

To sai murna ta koma ciki, don in kowa fes yake har da wanda ya faɗa gona, wanda da bakinshi ya amsa min cewa ko jiya ya haɗiya, ashe katin bai ga komai ba ke nan. Ta ce in karanto mata haruffan da ke jikin harsunan, na karanto, ta ce ai babu tiramol a ciki. Harshen da anka rubuta OPI yana kama kodin da dangoginshi irin su mofin, amma tiramol ƙirarshi daban ce, yakan wuce ta gabanshi bai gan shi ba, sai an samu wanda ke da harshe na musamman da anka rubuta TRA ko TML. Irin mai biyar ɗin nan don ma'aikatun Amurka anka tsara shi, matsalarsu daban tamu daban. Mu a nan in abin gwaji ba ya ganin tiramol da su diyazafam to rabin aikin bai yi ba.

Na biyun shi ne wanda nake magana a kai. Kofi ne na roba mai murfi, harsuna goma sha biyu a jere a jikin bangonshi daga ciki, an rufe su da takarda mai gam da ake ɓarewa in za a karanta. Akwai THC na wiwi, akwai TRA, akwai OPI, akwai BZO wanda ke kama diyazafam da irinsu, sauran su hodar ibilis ne da makamantansu da har yau ba mu taɓa gani a wajen kowa ba. Abin da ya fi burge ni ba sai ka taɓa fitsarin kowa ba, mutum ya shiga bayi ya yi a ciki ya murɗa murfi ya miƙo, minti biyar ka karanta, kuma kar ka bari ya wuce minti goma don bayan nan layukan na iya canzawa. A gefe akwai wani ɗan zirin da ke nuna ɗumin fitsarin, na gaskiya da ya fito yanzu yana tsakanin 32 da 38 ne kuma cikin minti huɗu na farko ake dubawa. Wani yaron mota ya surka nashi da ruwan buta, zirin ya ƙi nuna komai, da munka ce ya sake sai ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Kuɗinshi kuwa kullum canzawa yake da dala, amma kwalin da munka saya mai guda 25 bai kai kuɗin tayar tirela ɗaya ba.

Inda na ga aibu. Takardar bayanin da Turanci ce ƙanana-ƙananan rubutu sai ka ƙura ido, ba Hausa ko layi ɗaya. Biyu daga ciki murfinsu bai kama sosai ba sun yi yoyo. Babba kuma shi ne zafi, an rubuta a jikin kwalin a ajiye shi tsakanin 2 da 30 a ma'aunin zafi, to don Allah a Sakkwato cikin watan Afirilu da muke wuce 40 ina za ka samu 30 in ba ɗaki mai esi ba? Shagon da na saya a kan kanta kawai yake a jibge fanka na kaɗa iska mai zafi. Uku daga cikin namu layin C ɗin ma bai fito ba sam, wanda ke nufin kofin ya lalace sai a jefar a sake. Yanzu a ƙuryar ɗakin ƙasa na gidan Inna muke ajiye kwalin kusa da randa, kuma ba na barin ko ɗaya ya wuni cikin mota. In za ku saya ku duba ranar ƙarewar aiki a jikin kowace leda, ku kuma duba inda mai shagon ya ajiye shi.

Yanzu maganar Baba, wadda ita ce ainihin abin da ya sa ni rubutun nan.

Baba shi ne direbanmu mafi daɗewa, tun zamanin mahaifinmu yake tare da gidanmu, shi ya koya wa Alhaji tuƙi. Ko taba sigari bai taɓa sha ba, goro ne kawai da shayi. Ranar gwaji shi ya fara miƙa hannu ya karɓi kofi don yara su gani su saki jiki. Da na ɓare takardar sai na ga kowane harshe layi biyu ban da THC, layi ɗaya tak. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce ƙila kofin ne, na ba shi wani, abu ɗaya. Na ja shi bayan gareji inda ba kowa na nuna mishi, ya daɗe yana kallon kofin sannan ya ce, ɗana, ni za a ce ma ɗan wiwi? Mi na yi muku? Idonshi ya kawo ruwa. Na ce Baba ba wanda ya ce haka kuma ba wanda ya gani sai ni, ka dai tuna min duk abin da kake sha na magani ko na gargajiya ne.

Ya lissafo na hawan jini, ya lissafo man zafi da yake shafawa, can sai ya ce akwai wani mai da yake ɗigawa ƙarƙashin harshe da dare saboda ciwon baya da gwiwa. Ya ɗauko shi daga cikin jakar da yake ajiye sallaya. Ƴar kwalba ce baƙa mai bakin ɗigawa, an rubuta CBD da manyan haruffa, ga hoton ganye mai yatsu a gefe, ba lambar NAFDAC ba adireshi. A Legas ya saya wajen wani mai talla da ke zagaya inda tireloli ke kwana, ya ce mishi maganin Turawa ne, a Kanada likitoci ke rubuta wa tsofaffi, ba ya bugarwa. Kuma Baba ya ce tsakani da Allah ya ji daɗinshi, tun da ya fara yake samun barci, bayan ma ya yi sauƙi. Bai san ganyen da ke jikin kwalbar ba, bai taɓa ganin wiwi a tsaye ba sai a naɗe a hannun yaran tasha.

Da daddare a gida magana ta rabu biyu. Alhaji ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne kuma doka doka ce, in an ɗaga wa Baba ƙafa da wane baki za a yi wa yara magana. Ɗanshi kuma da ke karatu a jami'ar Ɗanfodiyo ya ce Baffa ai duniya ta wuce nan, wiwi magani ne yanzu, ku ne dai ba ku sani ba. Ni kuma na ce a ba ni kwana biyu. Na zauna da wani likita abokin karatuna, na kuma karanta abin da na iya karantawa, kuma gaskiya yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ɗauko.

Rabin da ya ɗauko ga shi. Jihar Kalifoniya ta halatta wiwi don magani tun 1996, Kanada ta yi nata tsarin a 2001, Jamus 2017, Ingila 2018. A nan Afirka Lesotho ce ta fara ba da lasisin nomanshi don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021. A watan Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a 27 da 25 ta cire shi daga jerin abubuwa mafi haɗari da ake ganin ba su da wani amfani na magani. Akwai magunguna na gaske da anka fitar daga gare shi, kamar Epidiolex da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, da Sativex da ake fesawa a baki don masu wata cutar jijiyoyi da ke sandarar da gaɓoɓi. Sinadarai biyu ne manya a ganyen, THC shi ke bugarwa, CBD ba ya bugarwa amma yana iya kawo gyangyaɗi.

Rabin da bai ɗauko ba kuwa shi ne, su kansu waɗanda sunka halatta ɗin ba su yarda mai riƙe da rayukan jama'a ya sha ya hau aiki ba. A Amurka jihohi sama da 35 likita na iya ba ka izinin wiwi, amma ma'aikatar sufurin ƙasar ta fitar da sanarwa tun 2009 cewa direban babbar mota da na bas ɗin ƴan makaranta da matuƙin jirgin sama da na jirgin ƙasa da na ruwa da makanikin jirgi, in gwaji ya nuna wiwi to takardar likita ba hujja ba ce, za a sauke shi daga aikin. A 2020 sunka ƙara gargaɗi a kan man CBD ɗin nan takamaimai, sunka ce ko da shi ka sha in THC ya fito a fitsarinka ba uzuri. Kuma da dalilinsu, a watan Janairun 1987 jiragen ƙasa sun yi karo a jihar Merilan mutum 16 sunka mutu, anka gano ma'aikatan ɗaya jirgin sun sha wiwi, wannan na cikin abin da ya jawo dokar 1991 da ta wajabta gwada ma'aikatan sufuri. Kanada da mai tallan ya kafa hujja da ita, wadda ta halatta wiwi ga kowane baligi a 2018, ita ce a 2019 ta ce matuƙan jirgin sama da masu ba jirage hanya sai sun yi kwana 28 ba su taɓa shi ba kafin su hau aiki. Maganar kwalba kuma, a 2017 masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD iri 84 ta intanet sunka auna, sunka samu THC a cikin 18, kuma waɗanda abin da ke rubuce a jikinsu ya yi daidai da abin da ke ciki ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. In a can haka ne, ina ga wadda anka saya a hannun mai talla a bakin tasha.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na sake tambayar Baba yaushe yake ɗigawa. Ya ce in sun yada zango, misali a Mokwa wajen sha ɗaya ko sha biyun dare, sai ya ɗiga ya kwanta, da asuba ya yi sallah ya tada mota. Na ce da safen ya kake ji? Ya yi shiru sannan ya ce kai yakan ɗan yi nauyi har rana ta ɗaga, shi ya ɗauka tsufa ne. Likita ya ce min wanda anka haɗiya ba kamar wanda anka zuƙa ba ne, yana jinkirin kamawa kuma yana daɗewa a jiki, awa shida zuwa takwas ko fiye. Ke nan Baba yana hawa kwalta abin bai gama sakinshi ba. Mota mai gudun 80 tana cin mita 22 a sakan ɗaya, in ƙafa ta yi jinkirin sakan ɗaya tak kafin ta taka birki, da lodin albasa a baya, ga yara na tsallaka titi a ƙauyukan hanya, ga masu babur, ga shanu. Ƙafar da ke kan birki ba ta san ko don magani anka sha ko don nishaɗi ba. A nan na tsaya, kuma har gobe a nan nake, ko da ranar za ta zo da Najeriya za ta halatta shi a asibiti, wanda ke shanshi ba zai ja motarmu ba sai ya daina. Haka zan ce ga mai kodin na tari da mai maganin mura mai sa barci da likita ya rubuta da hannunshi.

Amma kuma ban yarda da korar Baba ba, kuma a nan ne nake son masu saye su gane iyakar kofin nan. Ba ya auna maye. Abin da yake gani saura ne da jiki ke fitarwa bayan ya gama sarrafa THC, in ya kai ma'auni 50 da anka saita sai layi ya ɓace. THC a cikin kitsen jiki yake maƙalewa yana fita a hankali, wanda ya sha sau ɗaya yakan nuna kwana biyu zuwa uku, wanda ya saba kullum yana iya kai wata guda yana nunawa alhali ya daina. Ba ya gaya maka jiya anka sha ko sati biyu da sunka wuce, ba ya gaya maka da sani ne ko ba da sani ba. Ita kanta takardar cikin kwalin ta ce sakamakon na farko ne, sai an tabbatar da babban inji a ɗakin gwaji. Akwai ma magungunan asibiti da ke ruɗa shi, likitan ya ambaci efabirenz da ake ba masu cuta mai karya garkuwar jiki, yana iya sa harshen THC ya nuna ƙarya. Ku duba irin ɓarnar da za a yi in an tsayar da irin wanga mutum a gaban jama'a ana ce mishi sai ya faɗi abin da yake sha. Don haka gwaji a keɓe, sakamako tsakanin mutum biyu, kuma a tambaya kafin a yanke hukunci.

Ta ɓangaren doka ma na zaunar da ɗan Alhaji na ce kar ya ruɗi abokanshi. A Najeriya ba wani tsari da likita zai rubuta maka wiwi ka je kemis ka karɓa. Dokar hana shi tun 1966 take, NDLEA kuma an kafa ta a 1989 kuma dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mallaka ko sha. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kiran a bari a noma shi don magani, an kuma kai ƙudiri majalisar wakilai bai wuce ba, shugaban NDLEA Buba Marwa ya fito fili ya ƙi amincewa da halatta shi. Binciken da anka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ƴan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ne. Da an tare Baba a shingen hanya an ga kwalbar nan a jakarshi an auna, wa zai tsaya jin labarin ciwon baya?

Abin da munka yi a ƙarshe, bayan Inna ta sa baki Alhaji ya sauko. Munka kai Baba ɗakin gwaji anka sake da kayan wani kamfani daban, ya sake nunawa, to mun san ba laifin kofinmu ba ne. Kwalbar a gabanshi munka zubar. Anka sauke shi daga mota ba tare da an taɓa albashinshi ba, munka ce wa yara bayanshi ne ya tashi, wanda kuma ba ƙarya ba ne, ya koma kula da lodi a kasuwa yana zaune a inuwa yana ƙirga buhu. Na kai shi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo anka yi hoton bayan, anka haɗa shi da masu gashin ƙashi, likitan kuma da na gaya mishi aikin Baba tuƙin tirela ne sai ya zaɓar mishi maganin da ba ya sa barci. Wannan ma darasi ne, ku riƙa gaya wa likita sana'arku kafin ya rubuta. Mun canza mishi kujerar mota don ta da soson ya mutu tun tuni, ƙarfe kawai yake zama a kai, kuma kunya ta kama ni da na gani don ni ya kamata in lura. Sati na farko ya sha wuyar barci ƙwarai. Gwajin sati biyu bai fita ba, na bayan sati uku layi ya fito dishi-dishi, na ɗauki hoto na tura wa ƙanwar maiɗakina ta ce Yaya layi ne, ya fita. Baba ya karɓi makullinshi bai ce komai ba sai da ya zagaya motar ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce Allah shi yi maka albarka ɗana, ka rufa min asiri.

Shi kuma yaron tiramol harshen TRA ya kama shi tun gwajin farko da kofin, shi da wasu biyu. Ɗaya ya ce ba zai iya ba ya tafi abinshi. Shi da ɗayan mun haɗa su da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware don likita ya ce wanda ya saba da tiramol ba a yanke mishi rana ɗaya, sai a hankali ƙarƙashin kulawa, kuma har yanzu ba su koma kan sitiyari ba. Mu ma mun gyara namu, tafiyar Legas yanzu direba biyu ne a mota in lodin na gaggawa ne, kuma na daina kiran direba da tsakar dare ina tambayar ina ya kai.

Ga mai son saye, ka nemi kofi mai TRA da BZO da zirin ɗumi, kar ka karɓi mai biyar ko da an rage maka kuɗi. Ka sa wanda ya san aikin gwaji ya tsaya maka a rana ta farko. Ka sanar da ma'aikata tun kafin ranar cewa za a riƙa gwaji ba tare da an faɗi rana ba, kowa ya kawo duk maganin da yake sha a gani, mu yanzu har rubutawa muke a littafi, kuma da ni da Alhaji mu ma muna ba da namu a gabansu don kar a ce talaka kawai ake yi wa. Masu tankar mai da masu bas na haya da masu injin ɗaga kaya a kamfani, har da masu makarantun da ke da motar ɗaukar yara, ku kun fi mu buƙatarshi.

Saura kofi huɗu a kwali na biyu da munka saya. Na ce wa mai shagon in zai kawo sabo ya nemo mana har da na yawu, wanda ake sawa a baki, don shi abin da anka sha cikin awannin baya-bayan nan yake nunawa, ya fi dacewa da safiyar da mota za ta tashi. Ya ce zai tambaya a Kano. Na kuma roƙe shi ya sauke kwalayen daga kan kantar nan ya kai su ɗakin da yake ajiye allurai.